Filin Tambaya Da Amsa: 'Yan Tsakin Da Ake Aikowa A Kwali

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan 'yan tsaki ne, dama duk shekara haka ake yi da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matar aure ce a Kano, na ɗauki adashi ina so in fara kiwo a bayan gida. Na ga wani a Facebook yana cewa a tura kuɗi zai sa a aiko da 'yan tsaki daga Ibadan, kwali biyu nake so. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, yaya za a yi abin da aka ƙyanƙyashe jiya ya yi wannan doguwar tafiya ba ci ba sha ya iso da rai? Kuma ƙanena yace wai a Amurka ta gidan waya ma ake aika su kamar wasiƙa, gaskiya ne ko tsokanata yake?

Amsa: Hajiya barka kadai, Allah Ya sa albarka a adashin. Ƙanen naki gaskiya ya faɗa miki. Tun 1918 gidan wayan Amurka yake karɓar 'yan tsakin kwana ɗaya, har yau kuma ana yi. Mutum yana ƙauyensa zai zaɓi irin da yake so, kamfanin ƙyanƙyasa ya zuba su a kwali mai ƙofofin shan iska, da sassafe ma'aikacin gidan waya ya kira shi yace zo ka ɗauki kayanka suna ta kuka sun cika mana ofis. Akwai wani kamfani Murray McMurray a jihar Iowa da tun 1917 yake wannan sana'a. Sharaɗin gidan wayan shi ne tafiyar kada ta wuce awa 72 daga ƙyanƙyasa, kuma lokacin sanyi kamfanonin ba sa yarda su aika ƙwaya uku ko huɗu sai an haɗa da yawa don su ɗumama junansu a hanya.

Toh me ya sa awa 72? Nan hikimar Ubangiji take. Ƙwai yana yin kwana 21 kafin ya fashe, dab da fitowa ɗan tsakon zai janye ragowar gwaiduwar ta cibiyarsa zuwa cikin cikinsa, ita ce guzurinsa. Shi ya sa kazar Hausa ma in ta fara ƙyanƙyasa ba ta tashi nan take, sai ta ƙara kwana ɗaya ko biyu tana jiran sauran ƙwan su fashe, waɗanda suka riga fitowa suna ƙarƙashinta lafiya lau ba su ci komai ba. Wannan guzurin ne ya sa ake iya ɗauko su daga Badun, wato Ibadan, a bi ta Ilori, Jebba, Mokwa har Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, yawanci cikin dare, su iso da ransu.

Saboda haka yunwa ba ita nake ji miki tsoro ba. Zafi da rashin iska da jinkiri su ne ke kashe su a hanya. Ko a can Amurka a 2020 da aikin gidan waya ya samu tangarɗa, dubban 'yan tsaki ne suka isa hannun manoman jihar Maine a mace, balle mu nan da mota kan lalace a daji ko a tsaya go-sulo rabin yini. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni shekarun baya. Kwali huɗu na saya, wani direban bas ya karɓa yace ba komai, ashe da ya samu ƙarin kaya a hanya sai ya tura kwalayen can ƙarƙashin kujerar baya ya jera buhuna a gabansu. Da na buɗe a tasha wallahi tururi ne ya fara bugun fuskata, gashinsu duk ya jiƙe ya manne, waɗanda ke tsakiya sun riga sun tafi, na gefe suna buɗe baki suna haki. Na fi sati ina tuna wannan abin, halittu ne masu rai fa, ba kuɗin kaɗai ba. Tun daga ranar ban ƙara yarda a sa min 'yan tsaki a motar fasinja haka kawai ba, sai motar da aikinta kenan, wadda ake jera kwalaye da tazara iska tana ratsawa.

Yanzu maganar mutumin Facebook. Ban san shi ba, ba zan ce macuci ne ba, amma kuɗin adashi ba na gwaji ba ne. A Kano akwai dilolin kamfanonin nan masu shago da adireshi, ki je da ƙafarki ko ki tura maigida, a rubuta miki rasit da sunan kamfani da irin kazar da ranar zuwa, yawanci sau biyu a sati ake ƙyanƙyasa, Litinin da Alhamis. Manyan kamfanonin irin su Zartech, CHI, Agrited da Amo duk can ƙasar Yarabawa suke, amma tun 2017 Olam ta buɗe wurin ƙyanƙyasa a Kaduna kan hanyar Abuja, akwai kuma na Jos, kinga tafiyar ta ragu sosai ga mu 'yan arewa. In inganci ya zo ɗaya ni kullum na kusa nake zaɓa.

Abin da ya sa nake nanata dila sananne, akwai ha'inci iri biyu da suka yi yawa a harkar nan. Na farko a samo kwalin babban kamfani a zuba 'yan tsakin wani wuri daban a ciki. Na biyu ya fi ciwo, a sayar miki da fararen zakarun kajin ƙwai a ce buroila ne, wato kajin nama, tunda ranar farko duk kamarsu ɗaya ga wanda bai saba ba, kina ta zuba abinci sati biyar sati shida kina ganin ƙafafu da tsawo ba nama. In kika ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ki tuna araha ba ta ado.

Ranar karɓa ki je da wuri, kar ki bari su kwana ko su wuni a shago. Ki buɗe kwalin a gaban mai shagon ki ƙirga, 50 ne a kwali kuma galibi akan ɗora guda ɗaya gyara. Ki ɗauki kaɗan ki juya su ki duba cibiya, ta zama a rufe a bushe ba baƙin ƙulli ba danshi, ido a buɗe tar, ƙafa ba a shanye ba, in kika kwantar da shi rigingine a tafin hannu lafiyayye nan da nan zai wuntsila ya miƙe. A hanyar gida kuma kar a sa su a but, kar a ɗaure kwalin da leda don wai iska.

Shawara ta ƙarshe, tunda farawa za ki yi, kwali ɗaya ya ishe ki. Kuɗin na biyun ki ajiye na abinci ne, za ki ga dalili a amsa ta uku.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne daga Azare. Na sayi buroila 50, yau kwana shida 17 sun mutu. Da daddare suna taruwa a lungu ɗaya suna hawa kan juna, da safe in tarar da na ƙasa sun mutu. Ina ba su magani kala uku da mai shago ya haɗa min amma ba sauƙi. Ko dai an sayar min da marasa lafiya ne?

Amsa: Ƙanena sannu, Allah Ya mayar maka da alheri. Daga yadda ka kwatanta, sanyi ne yake kashe maka su, kuma ba maganin da zai yi aikin wuta. Ɗan tsako a satin farko bai iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa ba, aikin uwarsa ne, kai da ka raba shi da uwa kai ne uwar yanzu. Yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, a ƙasa, ba a saitin fuskarka ba, sannan kana ragewa kamar digiri 3 duk sati har gashi ya rufe su wajen sati huɗu zuwa biyar. Daren hunturu a Azare kai ma sai ka ja bargo, to ina ga abu mai nauyin giram 40.

Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya maka. In sun cure a jikin wuta suna wani kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango sun buɗe fuka-fukai suna haki, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri, nemo kafar ka toshe. In kuwa ka leƙa ka gan su a warwatse, wasu na ci wasu na sha wasu sun miƙe ƙafa suna barci kamar matattu har gabanka ya faɗi, to alhamdu lillahi ka dace.

Yau ɗin nan kafin magariba ka yi abu uku. Ka samo kwali ko silin ka zagaye su da shi ya zama da'ira, kada a bar kusurwa ko ɗaya, don a kusurwa suke danne juna. Ka shimfiɗa dusar katako mai kauri ta wurin kafintoci ko ɓuntun shinkafa busasshe, kaurin kamar yatsu uku zuwa huɗu, siminti tsirara yana zuƙe musu ɗumi ta ƙafa. Sannan wuta. Kowa ya san halin wutar lantarkinmu, ƙwan fitila kaɗai ba abin dogaro ba ne, za a ɗauke ƙarfe biyun dare kana barci. Kurfoti ko tukunyar ƙasa da gawayi shi ne abin da yawancinmu muke amfani da shi, ka ɗora shi kan bulo ka kewaye da waya yadda ba za su faɗa ba.

Amma don Allah ka saurare ni a nan, domin gawayin da zai cece su shi ne kuma zai iya kashe su duka a dare ɗaya. Ka hura shi a waje, sai ya kama ya yi ja hayaƙi ya ƙare sannan ka shigar. Kuma kar ka like ɗakin ruf da leda ko'ina, ka bar kafa ta sama iska tana fita. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe kaji tana kashe mutane, kai ma kada ka kuskura ka kwana a rufaffen ɗaki da ita. Dole ka tashi sau biyu ko uku cikin dare ka duba ka ƙara gawayi, musamman wajen ƙarfe uku zuwa asuba lokacin da sanyi ya fi sauka. Satin farko mai 'yan tsaki ba ya barcin kirki, haka abin yake.

Nan gaba in za ka sake sayowa, ɗakin ake fara shiryawa. A wanke a fesa magani a bar shi ya bushe kwanaki kafin su zo, a kunna wuta awanni kafin isowarsu yadda shimfiɗar kanta za ta yi ɗumi. Da sun iso ruwa ne farko, mai ɗan ɗumi, da gulukos ko sukari kamar cokali biyu a lita na 'yan awannin farko, ka kama su ɗaya bayan ɗaya kana tsoma bakin a ruwan, in kaɗan suka gane sauran za su kwaikwaya. Mazubin ruwan kar ya yi zurfi, in faranti ne ka zuba tsakuwa a ciki, jiƙaƙƙen ɗan tsako a hunturu sai dai wani ikon Allah. Sai abincin sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, a barbaɗa a kan kwali a shimfiɗe su ji ƙarar tsattsagar juna. Washegari ka taɓa ƙasan wuyansu ta dama inda abinci ke taruwa, ya kamata kusan kowanne ka ji wurin a cike da laushi. In ka ga kashi ya bushe ya toshe wa wani dubura ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka goge a hankali, kar ka fizge.

Maganin nan kala uku ka dakata da shi haka, ka bar bitamin kawai. In ka gyara ɗumi kwana biyu mutuwar ba ta tsaya ba, ko ka ga farin zawo ko cibiya tana wari, ka ɗauki gawar guda biyu sabbi ka kai wa likitan dabbobi ya buɗe ya gani, a nan ne za a san ko daga wurin ƙyanƙyasa matsalar ta taso.

Tambaya: Malam wanne ya fi dacewa da mai kiwon gida, buroila ko masu ƙwai ko Noiler? Daga wani magidanci a Funtua.

Amsa: Alhaji ya danganta da aljihu da kuma abin da kake nema. Buroila sati shida zuwa takwas ta kai yanka, amma kafin nan kowace ɗaya za ta ci kilo 4 zuwa 5, wato kwali ɗaya zai lashe maka buhu takwas zuwa goma na kilo 25, ba ta kiwo a tsakar gida, ba ta jure zafin bazara, kuma ranar da ta kai in ba mai saye ci kawai take yi daga ribarka. Masu ƙwai irin ISA Brown sai sun yi sati 18 zuwa 20 kana ciyarwa kafin ka ga ƙwan farko, akwai ma tamu ta gida ShikaBrown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar don yanayinmu.

In don gida ne, yara su ci ƙwai a yanka wa baƙo a sayar da kaɗan lokacin sallah, ni Noiler zan ce maka, kaza ce mai ba da ƙwai da nama duka. Kamfanin Amo na garin Awe a jihar Oyo ne ya fito da ita, bayan ka raine ta sati biyar ko shida a ɗaki kana iya sakinta ta yi kiwo kana taimaka mata da dusa da ragowar tuwo, wata uku zuwa huɗu zakarun sun yi girman yanka. Sai dai ka sani ba ta da wayon kazar Hausa wajen gudun shirwa da muzuru, ka tanadi akurki mai ƙofa.

Tambaya: Mai shago yace an riga an yi wa 'yan tsakina rigakafi tun daga kamfani, ba sai na sake ba. Haka ne? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama ba haka ba ne. Abin da akan yi a kamfani na ranar farko ne, saura yana wuyanki. Biyun da ba a wasa da su Gumboro da Lasota, Gumboro cuta ce mai kama ƙananan kaji, ita kuwa Lasota allurar cutar Nyukasil ce, wadda ke share kajin unguwa kakaf lokacin hunturu ki ga kaza tana murɗe wuya tana koren zawo. Tsarin da yawancin masu kiwo ke bi a nan shi ne Gumboro kwana 7, Lasota kwana 14, a maimaita Gumboro kwana 21, Lasota kwana 28, amma in kamfanin ya ba da takardar tsarinsa ko likita ya ce ga yadda za a yi, nasu za ki bi. Waɗanda za su daɗe kamar masu ƙwai da Noiler akwai ta ƙuraje da ake tsira musu a fiffike wajen sati shida zuwa takwas.

Inda aka fi yin kuskure wurin bayarwa ne. Allurar nan rayayyiya ce, zafi yana kashe ta. Ki saya a inda kika tabbatar firjinsu na aiki, ki je da fulas da ƙanƙara, daga shago sai gida. Ki janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan rijiya mai tsafta, banda ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ki ɗan zuba madarar gari kaɗan, ki buɗe kwalbar a cikin ruwan, su shanye cikin awa biyu, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Abin da ya rage a haƙa rami a binne, ba a ajiyewa gobe. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin waɗannan alluran a nan gida, akwai kuma na waje. Kuma ba a yi wa marasa lafiya rigakafi.

Tunda ke malama ce bari in ƙara da wannan ki isar wa iyaye, yara suna son ɗaukar 'yan tsaki suna sumbata suna sawa a baki, a hana su, a kuma sa su wanke hannu da sabulu, kashin kaji yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa yaro zawo da zazzaɓi.

Tambaya: Ɗana, ni tsohuwa ce a ƙauye kusa da Maraɗi, jikata ke rubuta min. Ba mu da lantarki, kuɗin gawayi ma sai a hankali. An ba ni 'yan tsakin turawa guda takwas za a kawo ranar kasuwa. Ina da kaza da ta kwanta kan ƙwai amma duk sun lalace ta ƙi tashi. Za ta karɓe su?

Amsa: Inna ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kin fi mu duka sa'a, domin abin da muke ta wahalar kwaikwaya da kurfoti ke kina da na ainihi. Sau da yawa tana karɓa, in dai ta yi kamar sati biyu zuwa uku a kwance kuma 'yan tsakin ba su wuce kwana biyu ko uku ba, in suka girma su ne ma ba za su bi ta ba.

In an kawo su da rana ki ba su ruwa su sha, ki ajiye su a kwando da tsumma a wuri mai ɗumi. Sai dare ya yi duhu sosai, ba fitila, ki lallaɓa ki zare ruɓaɓɓun ƙwan daga ƙarƙashinta, ki tura mata guda biyu tukuna ta baya ƙarƙashin fiffike, ki rufe su da tafin hannunki kar ta sare su. Ki tsaya ki kasa kunne. In kika ji tana wannan gurnanin a hankali ƙasa-ƙasa su kuma sun yi tsit, ta karɓa, sai ki ƙara mata sauran. Da asuba ki riga ta tashi ki zauna kusa ki gani da idonki, in tana kiransu tana tsattsaga musu abinci shi kenan, in kuwa tana kai musu sara da gaske ki kwashe su nan take ki koma ga kwando da kwalbar ruwan zafi a naɗe da tsumma, kina canja ruwan in ya huce.

Takwas ba su yi mata yawa ba. Ki killace su tare da ita sati biyu zuwa uku kada ta ja su cikin raɓa da sassafe, ki samo musu ko mudu biyu ne na abincin sitata don 'yan turawa ba sa tashi da tsakin gero kaɗai, in kuma ma'aikatan dabbobi sun shigo ƙauyenku rigakafin kaji ki kai su har da uwar.